Abin Da 'Yata Ta Ji Daga Bakina

Ƙarfe biyu da minti goma na wata Juma'a na fara satar babur. A wurin akwai liman, akwai ladan, akwai mutanen gari sahu bayan sahu, kuma dukansu sun ba ni baya. Matasa, zan ba ku labarin bi da bi. Ku karanta har ƙarshe.

Kafin wannan ranar ni bakanike ne a Kazaure, ina gyaran babura a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Firamare kawai na gama. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, mai ƙuli-ƙuli ce, kuma tun ina ƙarami idan na saka hannu a farantinta ba ta cewa ta gan ni, sai ta ce Wanda ba Ya barci Ya gan ni. Da wannan na tashi. Na yi aure, matata Hauwa ta haifa mini 'ya mace, muka sa mata suna Nana.

Lalacewata ta faro daga ƙaramin abu. Na fara da zuƙe ɗan man fetur daga tankin mai babur idan ya tafi cin abinci. Daga nan na koma cire sabon fulogi ina mayar da tsoho. Babu wanda ya gane, sai na ɗauka babu wanda ya gani. Ana nan wani mutum daga wajen garin Babura, mai ƙetarar da babura iyaka, ya ce mini duk wanda ya iya haɗa waya ba ya bukatar makulli.

Ga yadda nake yi. Na farko, in sa farar riga da hula in je masallacin Juma'a na garin da ba a san ni sosai ba. Na biyu, in zaɓi babur ana huɗuba. Na uku, in jira a ta da kabbara. Da sun kai goshi ƙasa sai in tura shi bayan katanga in tayar. Na san mai shi ko ya ji ƙarar injinsa ba zai yanke sallah ba. Haka na zagaya Gwiwa, Yankwashi, Roni da Kanya Babba. A zaurena nakan yi wa mutumin nan alfahari ina dariya, ina cewa in ana sallah ba mai gani. Nana tana wasa a bakin ƙofa, shekarunta biyar, ban taɓa kula da ita ba.

Wata rana muka kai ziyara gidan surukina Malam Sule a Roni. Inna, matarsa, ta ajiye kwanon dabino ta ta da sallar la'asar. Nana ta lallaɓa ta cika hannunta. Malam yana kan tabarma, ya yi mata wasan da ya saba, ya ce, “Amarya, tun ba a ɗaura ba kin fara yashe mini gida? Ba ki san Allah Yana ganinki ba?”

Ta dube shi ba ko ƙifta ido ta ce, “Ai Inna sallah take. Baba ya ce in ana sallah ba mai gani.”

Babu wanda ya yi dariya. A makon da ya wuce aka ɗauke babur ɗin maƙwabcin Malam a masallaci, kuma ni na ɗauke shi. Malam ya daɗe yana kallona. Bai tambaye ni komai ba. Da za mu tafi ya ce Hauwa matata ce, tana iya bi na, amma Nana ta zauna. Na ce, “Baba, maganar yara ce.” Ya ce ya sani, kuma yaro ba ya ƙirƙirar irin wannan, ɗauka yake yi. Muka dawo Kazaure ba ita, Hauwa tana kuka a bayana.

Ya kamata in daina a nan. Ban daina ba. Juma'a ta gaba na tafi wani gari ta wajen Gwiwa. Na manta da matan Fulani masu fura da nono da ke zaune a inuwa suna jiran a idar. Su suka gan ni, suka kwarma ihu. Babur ya ƙi tashi. Na ji liman ya yi sallama, na ji sahu ya watse ya nufo ni. Na kwanta na rufe kaina, bakina yana kiran sunan Allah da na daɗe ban kira da gaske ba. 'Yan sanda ne suka fitar da ni da haƙarƙari biyu a karye. Kotu ta tura ni gidan yari.

A can na san tsoro. Zafin ɗaki da ƙwari da yunwa duk na jure su. Abin da ya hana ni sukuni shi ne muryar Nana. Nakan tuna yadda ta faɗi maganar hankalinta kwance, kamar yadda yara suke kawo hadda. Ta yarda da ita ne domin daga bakin ubanta ta ji. Na yi ta tunanin ranar da za ta girma, ta shiga ɗakin da babu kowa, a miƙa mata amanar wani, kuma abin da ke zuciyarta shi ne wannan. Na yi ta tunanin in mutu a nan, a tambaye ni abin da na ba ta.

A lokacin na gane dalilin da ya sa iyaye suke dagewa. Uba ba zai bi ɗansa kasuwa da daji da birni ba, kuma wata rana zai mutu. Shi ya sa tun yaro bai iya ɗaura wando ba ake sanar da shi Ubangijinsa, domin ya sami Wanda zai ji kunyarSa idan babu kowa, ya kuma sami Wanda zai kira idan ƙasa ta yi masa zafi. Mutanen da na raina don ba su waiwaya ba, suna tsaye ne gaban Wanda Ya fi musu babur. Na koma sallah. Na nemi a koya mini karatun da na zubar.

Da aka sake ni, Roni na fara zuwa. Na durƙusa a zauren Malam na nemi gafara, na roƙi a ba ni 'yata. Ya ce ba a wurinsa zan fara gyara ba. Ya aika aka kira Nana, ta yi tsayi, tana sanye da hijabin Islamiyya. Ya ce mini, “Da bakinka ka saka mata maganar nan. Cire a gabana.”

Na ce mata abin da na faɗa a zaure ƙarya ne, ni ɓarawo ne a lokacin, kuma Allah Yana gani ana sallah, Yana gani ba a sallah. Ta ce, “Baba, duk Ya gan ka?” Na ce duk Ya gan ni. Ta ce, “To me zai yi maka?” Na ce ban sani ba, na tuba, ina jiran rahamarSa. Sai ta kama gefen rigata ta riƙe.

Malam bai ba ni ita duka ba. Alhamis da Juma'a take zuwa gidana, sauran kwanaki tana wurinsa, har sai ya gamsu. Ban yi musu ba. Na koma gyaran babura, ina bin waɗanda na cuta ɗaya bayan ɗaya ina neman yafiya. Wasu sun yafe, wasu sun kore ni, wasu ban san inda zan same su ba.

Kai matashi, ga roƙona. Kada ka taɓa man da ke tankin wani, komai ƙanƙantarsa. Kada ka raina abin da mahaifiyarka ta koya maka game da Allah. In kana da ɗa ko ƙane, ka auna abin da kake faɗa a gabansa tun daga yau. Sannan in ka idar da sallarka ta gaba, ka roƙa mini Allah kada maganar nan tawa ta bi 'yata har girmanta.