Goggo Opal ta Gaban Kotu

Shekara talatin da huɗu Opal Sizemore ta yi tana sayar da abinci a gaban kotun garinmu, can cikin duwatsun gabashin jihar Kentucky. Ba mu haɗa jini da ita ba, amma mu yaran garin duk Goggo muke ce mata. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, karatunta bai yi nisa ba. Tana da goyo ramin kwal ya rufta da mijinta, sai ta kama shago mai teburi shida ta ɗora tukunyar wake.

Duk lauyan da ke shiga kotun nan a wurinta yake cin abincin rana. Tana zuba musu kofi tana jin hirarsu, tana kuma kallon fuskokin mutanen da suka tsaya wa in an tashi daga shari'a. Da haka ta san wanda ya iya rigimar iyakar gona, da wanda ya iya rabon gado, da wanda ba shi da komai sai baki. A hankali ya zama duk wanda magana za ta kai shi gaban alƙali, shagonta yake fara shiga.

Babana Dewey ya yi shekara ashirin da bakwai yana haƙar kwal. Da ƙurar ta gama cinye masa huhu, har matakala uku ta fi ƙarfinsa, sai kamfanin ya ƙi biyansa diyya, ya ce ai taba ce ta jawo masa. Na riga na yi aure a lokacin, ni nake tuƙa shi duk inda za shi. Shi kuwa ya gama zaɓen lauyansa, wani mai fararen haƙora da hotonsa ke kan ƙaton allo a bakin babbar hanya.

"Wancan na kan allon?" in ji Goggo, ta dire masa kwanon wake da burodin masara. "Dewey, tun kana yawo ba wando na san ba ka da wayo, amma ban zaci abin ya kai haka ba."

"Haba Yaya Opal, mutumin har a talabijin yake fitowa."

"Mai tallan katifa ma yana fitowa. Ka taɓa ganin ƙeyarsa a garin nan? Yau ka buga waya wata yarinya ta ɗauka, gobe wata daban, kowacce sai ka sake gaya mata sunanka. Je ka wurin Geneva Combs, saman shagon takalma."

"Mace?"

"Macen da ta yi jinyar ubanta har ya rasu da wannan ciwon naka. Ka tambaye ta shari'ar huhu nawa ta yi, nawa ta faɗi. Duk lauyan da ya ce maka bai taɓa faɗuwa ba, ɗauki hularka ka fito."

Muka je. Baba ya dubi benen ya girgiza kai. Ashe lauyar ta hango mu ta taga, sai ga ta ta sauko da takardunta, ta shiga bayan motarmu ta zauna. Awa guda tana sauraronsa, da tari da komai, ba ta katse shi ba. Sannan ta ce ta yi irin wannan shari'a arba'in da ɗaya, ta faɗi goma sha biyar, tasa kuma za ta iya cin shekara uku.

A hanyar komawa Baba sai mita yake yi: "Ko alkawari ɗaya ba ta yi mini ba!" Amma washegari da kansa ya ce in mai da shi ya sa hannu.

Zaman farko muka faɗi. Likitan kamfanin ya fi namu iya magana. Baba ya yi fushi da Goggo, wata biyu bai taka shagonta ba. Ranar da na bi ta wurin ni kaɗai, ta miƙo mini kwano a rufe.

"Kai wa mai taurin kan nan. Ki ce masa fushinsa bai dame ni ba, amma kada ya kuskura ya canza lauya a tsakiyar hanya."

Bai canza ba. Geneva ta ɗaukaka ƙara, ta tono tsofaffin hotunan ƙirjinsa, ta kawo abokan aikinsa biyu suka ba da shaida a kan ƙurar ramin. A shekara ta huɗu aka ba shi gaskiya. Ya ƙara shekara biyu a duniya, da tukunyar iskar numfashi a gefen kujerarsa, kuma kusan kowace Laraba sai na kai shi shagon sun sha faɗansu shi da Goggo.

Daga baya aka gina sabuwar kotu a bayan gari. Lauyoyi suka rage zuwa, gwiwoyinta kuma suka gaji. Ta rufe shagon ta koma wurin 'yarta a Ohio, amma ta bar wasiyya a dawo da ita gida. Tana da shekara tamanin da uku ta rasu. Lauyoyi shida ne suka ɗauki akwatin gawarta, da Geneva a gaba. Biyu daga cikinsu, na tabbata, ko mutum ɗaya ba ta taɓa tura musu ba.