Saƙon da Ke Cikin Jinin Ummaru

Ranar wata Laraba ce a farkon damina, shekarar da muke aji biyu na ƙaramar sakandare a ƙauyenmu da ke gefen Kajiji. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi tana ƙamshi. Malam Sa'idu, malamin kimiyya da aka turo mana daga Wurno, ya fito da mu daga aji, ya aika aka ɗebo toka daga murhun mai ƙosan bakin makaranta, ya zana ƙatuwar da'ira a ƙarƙashin dogonyaro. Ya ce wannan ita ce ƙwayar halitta, irinta ne ba adadi suka haɗu suka yi mu, suka yi akuya, suka yi karan gero. Makarantarmu ba ta da madubin da ake ganinta da shi, saboda haka ya ce, "Tunda ba mu iya ganinta, yau mu za mu zama kayan cikinta."

Manyan ajinmu suka riƙe hannun juna a kan layin toka, su ne tantanin da ke kewaye da ƙwayar, suna barin ruwa da abinci su shiga, suna tare abin da ba a so. Ƙananan aka zaunar da su suna jera 'ya'yan dogonyaro a kan zare, su ne raibosom masu ƙera furotin yadda aka umarce su. Wani mai suna Ɗanjuma aka miƙa masa tsintsiya, shi ne laisosom mai kwashe abin da ya lalace ya narkar da shi, muka yi ta yi masa dariya har ya yi fushi. Da Malam ya ce a mai da ita ƙwayar tsiro, sai wasu suka ɗora ganye a ka suka fuskanci rana, su ne masu haɗa wa tsiro abinci da haske, wani kuma ya rungume tulu a gefe yana ajiyar ruwa. Ni da ba na iya zama wuri ɗaya aka ba ni maitokondiriya, mai ƙona abinci ya ba jiki ƙarfi, aikina in yi ta zagaye da gudu ina kaɗa jan ƙyalle. A tsakiya kuwa aka kife tsohon turmi, aka ɗora yayana Ummaru a kai. Shi ne nukiliyas, mai riƙe da saƙon da aka gada daga iyaye, kowa sai abin da ya faɗa yake yi.

Ummaru ya girme ni, amma ajinmu ɗaya saboda ciwo ya yi ta mayar da shi baya. A gida amosanin jini ake ce wa ciwon, a asibitin Bodinga kuma suka ce sikila ce. Siriri ne, farin idanunsa ya yi ruwan ɗorawa, murya gare shi mai kauri da ba ta dace da jikinsa ba. Duk aikin da ake raba wa yara a gidanmu tsallake shi ake yi. Ni ke kora awaki da safe, ni ke jan guga a rijiya, ni ke bin Baba gona da ƙaramar fartanya ina cire ciyawa tsakanin kunyoyi. Shi kuma yana zaure ko gindin rumbu, yana ɓare karan dawa yana ƙera motoci da babura masu tayoyin ɓawon duma. In mun fita langa da yamma shi ke raba gardama, in mun tafi wanka tafki shi ke tsaron riguna. Inna ba ta barin ruwan sama ya taɓa shi. Da ta ga hadari ya haɗo za ka ji muryarta ta bayan danga: "Ummaru, shigo ciki, sanyi ba abokinka ba na." Duk da haka ciwon kan zo. Yakan kama gwiwarsa ko ƙugunsa, ya yi ta birgima a tabarma yana cizon zane don kada ya yi ihu, Inna na gasa masa gaɓoɓi da tsumma da ruwan zafi. An dafa saiwoyi, an sha rubutu, an sayar da ɗan maraƙi an kai shi asibiti. Mata masu zuwa dubiya kowacce da abin da take faɗi, wata ta ce sanyin da Inna ta kwasa da cikinsa ne, Inna kuwa ta riƙe wannan magana a ranta.

Wasan da'irar nan ya zame mana na kullum, har langa muka rage. Ko Malam ba ya nan mukan zana ta da kanmu lokacin tara. Ban taɓa ganin Ummaru cikin jin daɗi irin na wannan lokaci ba, domin a karon farko an yi wasan da ba a iya farawa sai da shi. Yana kan turmi ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce a jera koren ɗan dogonyaro biyu da busasshe ɗaya, masu zare su jera, ya daka wa mai tsintsiya tsawa, ni kuma ya ce in ƙara wuta. Har gida ya kai abin. Yakan tsinko ganyen kuka ya nuna wa Baba, ya ce koren nan ƙananan ma'aikata ne ke zaune ciki suna dafa abinci da rana. Baba ya yi murmushi ya ce Allah mai iko.

Wata rana bayan an tashi, ina jiransa mu tafi gida, sai ya tsaya gaban Malam Sa'idu ya ce, "Malam, cikin kayan nan da muka koya, wane na ya lalace a jikina?" Malam ya daɗe yana kakkaɓe alli daga hannunsa. Daga baya ya zaunar da mu a kan benci, ya yi mana bayani a hankali. Ya ce a cikin ɓargo ake yin jajayen ƙwayoyin jini, kuma raibosom ɗin Ummaru lafiyarsu lau, suna ƙera furotin ɗin da ke ɗaukar iska daidai yadda aka umarce su. Matsalar tana cikin saƙon da nukiliyas ke riƙe da shi, wuri ɗaya tak ya sauya. Shi ya sa ƙwayar jinin kan lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a siraran hanyoyin jini, wurin ya yi ta zogi. Ya ce rabin saƙon daga Baba ya zo, rabi daga Inna, su kansu ba su san suna ɗauke da shi ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Ummaru ya ce, "To ana iya goge shi a sake rubutawa?" Malam ya kalli ƙasa ya ce, "Masana na ta ƙoƙari. Amma nan inda muke, a'a."

Muka kama hanyar gida har muka wuce gonar liman. Nan ya tsaya ya huta, ya ce da ni, "Ashe duk yaran kirki na, Shehu. Kowa aikinai yake yi. Wanda ke bisa turmi shi ab ba su saƙon banza." Da muka isa ya sami Inna tana tankaɗe, ya durƙusa ya gaya mata cewa ba sanyinta ba ne, abin daga ita da Baba ne gaba ɗaya, tun kakanni. Na zaci za ta ji sauƙi. Sai ta ajiye rariya, ta dubi ƙanwarmu Hajaru da ke rarrafe a tsakar gida, ta tambaya ko ita ma tana iya ɗauke da shi, ko 'ya'yanta. Ummaru ya ce Malam ya ce yana yiwuwa. Ranar tuwo bai yi daɗi ba.

Washegari ya ƙi hawa turmi. Ya karɓe jan ƙyallen daga hannuna, ya ce yau shi ne mai wuta. Ya zagaya da'irar da gudu yana dariya, ƙafafunsa kamar sillen kara, yara na tafi suna kiran sunansa, har ya gaji ya jingina da dogonyaro yana haki. Daga ranar bai sake shiga wasan ba, ko a matsayin me. Yakan zauna a bakin taga yana kallonmu, mu kuma da muka ɗora wani a kan turmin sai abin ya ƙi armashi.

Ciwon ƙarshe ya zo ne lokacin da gero ya fara fitar da kai, ana ruwa kusan kullum. Wannan karon ƙirji ya kama, ga zazzaɓi, numfashi na fita da kyar. Da hantsi Baba ya samo mai babur, aka sa Ummaru a tsakiya an lulluɓe shi da bargo da leda, ni da kawuna muka bi su a wani babur. Hanya ta zama taɓo, wani wurin sai an sauka an tura, a wani kwari kuma ruwa ya kai cinya, Baba ya goya shi ya tsallaka. Ma'aikatan asibitin Bodinga sun karɓe shi da hanzari, aka ɗebi jinin kawu aka ƙara masa. Da la'asar ya buɗe ido ya ce in ba shi ruwa, ya sha kaɗan, ya ce in gaya wa Inna ta daina kuka. Kafin rana ta faɗi ya cika. Malam Sa'idu ya zo gaisuwa, ya zauna a ƙarshen tabarma bai ɗaga kai ba. Bai ƙara fitar da mu ƙarƙashin dogonyaro ba, a allo ya ci gaba da zana mana sauran darasin.

Yau ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a Bodinga. Abin da muka yi ta kwaikwayo da toka da tsintsiya yanzu ina ganinsa da idona kusan kowace rana, har da masu siffar laujen. Samari da 'yan mata na zuwa gwaji kafin aure, in faɗa musu sakamako, wasu su fita suna murna, wasu su fita ba sa kallon juna. A da ba mu san komai ba, kowace sabuwar saiwa da aka kawo gida sai mu kwana da sa rai. Kwanan baya Inna, ta tsufa tana dogara sanda, ta zo min da ɗan Hajaru na fari, yatsunsa a kumbure. Na gwada jininsa, na ga irin ciwon Ummaru ne. Ta ce, "Kai da kay yi karatun, mi anka samu yanzu?" Na ce a riƙa ba shi ruwa da yawa, ya kwana cikin gidan sauro, a kiyaye shi daga sanyi, ga ƙwayoyin da zai riƙa sha kullum. Na ce akwai wani babban aiki na dashen ɓargo da ake yi a manyan asibitoci masu nisa, amma ya fi ƙarfinmu. Ta dube ni ta ce, "Abin da anka ce muna ke nan tun lokacin yayanka." Ta gyara wa yaron hula, ta kama hannunsa, suka nufi tasha a hankali.

Na san sunan kowane abu da ke cikin jinin yaron nan, amma ba ni da abin da zan ba kakarsa.