Ranar da Muka Yi wa Shamuwa Ƙaura

Har gobe ba zan manta da ranar da muka ɗauke wa shamuwa gida ba. Zamanin Turawa ne, ina kan ƙarfina, ina aikin rage rassan itatuwa a ƙasar Haɗeja. Ku na yanzu kuna da hular kwano da ɗamara mai ƙarfe. Mu igiya biyu ce kayanmu. Ɗaya ta ƙugu, muna ce mata igiyar rai, ƙullinta ba ya zamewa kuma ba ya shaƙe mutum. Ɗayar ta kaya, ita ake yi wa zarge a jikin reshe, a sauke shi a hankali. Sai zarto da barandami. Mu uku muke fita: ni mai hawa, Bukar mai riƙe igiya a ƙasa, da helmanmu, wato shugaban aikinmu, Audu Dogo, wanda aikinsa duba ƙulli da faɗa.

A ƙarshen wata bazara aka tura mu wani ƙauye a hanyar Guri. Akwai barikin da Di'o, Baturen mulki, ke sauka in ya zo rangadi, kuma wata tsohuwar tsamiya ta miƙa reshe bisa rufinsa. Reshen ya tsage daga gindi. Umarnin shi ne a sauke shi kafin iskar hadarin farko. In ya faɗa wa barikin, Helma ya san aikinsa ya tafi.

Muna isa muka tarar da wata tsohuwa, Ya Gana mai tuyar kifi, ta shimfiɗa tabarma daidai ƙarƙashin reshen, ta ɗaure akuyarta a saiwa. Na ɗaga kai na ga dalili. Shamuwa ce ta yi sheƙa a kan reshen, har da 'ya'ya. Duk wanda ya tashi a fadamar nan ya san shamuwa baƙuwar damina ce, ba a jifarta, ba a taɓa gidanta.

Helma ya durƙusa ya ce, "Iya, a ɗan gusa mana. Aikin gwamnati ne."

Ta ce, "Ɗan nan, gwamnati ce za ta ba mu ruwa? Ku kore ta, mu shuka gero da me? In yankewa za ku yi, bismilla, ya faɗo a kaina."

Kafin a jima mazan gari sun taru, sun zuba mana ido. Gumi ya karyo wa Helma. Ni ma, gaskiya, hannuna bai so zarton ba.

Bukar ɗan masunta ne daga wajen Baturiya, ba ya magana sai ta kama. Ya ce, "Helma, reshe aka ce mu sauke, ba a ce mu sauke sheƙa ba. A mayar da ita sama mana."

Ya Gana ta naɗe tabarmarta, ta ba mu babban kwandon kifinta. Helma ya duba ƙullina sau biyu kamar kullum, na yi bismilla na hau. Iyayen suka tashi suna kewaya tsamiyar. 'Ya'yan kuwa suka yi mini maraba da aman duk abin da ke cikinsu, kwaɗi da fara, a gaban riga. Haka na daure, na lallaba sheƙar cikin kwando, Bukar ya ja ta da igiya zuwa wata gwafa mai ƙwari can sama.

Nan wata matsala ta taso. Kwandon sai an ɗaure shi dindindin, igiyar aiki kuwa ba a barin ta a bisa. Ya Gana ba ta jira shawara ba, ta kwance akuyarta ta miƙo igiyar kaba da ta tuƙa da hannunta. Helma ya taka ta ya ja da ƙarfi, ta ƙi tsinkewa, sannan ya yarda aka aiko mini.

Reshen bai ba mu wuya ba. Na zarge shi, na fara yanka ta ƙasa sannan ta sama, don kada ya yage ɓawon itacen. Bukar ya sauke shi, ko tsinken rufi bai taɓa ba.

Saura babban abu. In iyayen suka ƙi sabon gidan, 'ya'yan sun mutu, mu kuma ba mu da fuskar shiga garin nan kuma. Muka ja baya muka zauna muna kallon iyayen. Suka yi ta kewayawa har wuyana ya ƙage. Can sai ɗaya ta sauka a bakin kwando, ta leƙa ciki, ta leƙa mu, ta sa baki tana ciyar da 'ya'yanta.

Mata suka rangaɗa guɗa. Helma ya lalubi malafarsa zai yi fifita, ashe akuyar da aka kwance ta cinye rabinta. Ya Gana ta ce, "Yi haƙuri, ɗan nan, ladan igiyarta ta karɓa."

Allah ne mai ba da ruwa, ba tsuntsu ba. Amma a hanyarmu ta komawa hadari ya jiƙa mu sharkaf, Helma yana tafe da rabin malafa a ka, yana dariya shi kaɗai.

Ƙulli da zarto kowa zai iya koya muku. Abin da na koya ranar shi ne, itace ba ya rasa masu shi, wasu a sama, wasu a ƙasa. Tun daga nan ban sake ɗora zarto a reshe ba sai na duba wa ke zaune a kansa, na kuma gai da wanda ke zaune a inuwarsa.