Rana a Ƙwaryar Gwaggo

Duk tsawon aikina na binciken rana da sararin samaniya, ɗalibaina sun sha yi min tsiya a kan fensir. Ga na'urori sun zo, ga hotuna daga tauraron ɗan'adam, amma tsoho yana nan da guntun fensir a bayan kunne. Ban taɓa gaya musu dalili ba, domin da na ɗauko labarin sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, En'e ta tura ni koyarwa a firamaren Kebbe. Na sauka a gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina, da mijinta da muke kira Baba. Abin da na mallaka a duniya shi ne wani madubin hangen nesa da Baturen da ya koya mana kimiyya ya bar min da zai koma ƙasarsu. Shi ya nuna min cewa rana tana da tabo a fuska, baƙaƙen ɗige-ɗige masu fitowa su yi tafiya su ɓace. Ba a kallon ta kai tsaye, ido zai tafi. Saita madubin ake yi haskenta ya faɗo a kan farar takarda, mutum ya zana da'ira, ya ɗiga kowane tabo a inda ya gan shi.

Na rubuta wa wani malamin jami'a a Kudu wasiƙa, ya amsa. Ya ce in kawo masa zanen shekara guda cif, zai tsaya min in sami gurbin karatu. Wannan alkawari shi ne ƙofata ɗaya tilo ta fita daga koyar da a, ba, ca.

Kullum da hantsi ina bayan rumbu da madubina. Kuma don iyayi, na raina fensir. Na ce aikin da za a kai jami'a ai sai da tawada. Ta kanti ba ta samuwa a Kebbe, sai na riƙa haɗa irin ta allo, gawayi da ƙaro, ina ɗigawa da alƙalamin kara. Da hannuna na haƙa wa kaina rami.

Mutanen gari suka ga saurayi yana duban rana, yana zana da'ira da ɗigo da lambobi da tawadar malamai, sai suka yanke cewa hatimi nake bugawa. Wannan ya zo tambayar ranar saukar damina, wancan ya zo a duba masa jakinsa da ya ɓata. Na yi bayani har bakina ya bushe. Suka ce rowar ilimi ce, ɗan boko ya sami asiri ya hana 'yan'uwa.

Ina da zanen wata goma sha ɗaya a akwati sai saƙo ya zo cewa takardar neman shiga jami'a ta iso Tambuwal. Na bi motar kasuwa, na kwana biyu. Lokacin Baba yana kwance, zazzaɓi ya ƙi sakin sa.

Da na dawo na tarar da akwatina a buɗe. A tsakar gida ga babbar ƙwarya da baƙin ruwa, takarduna sun jiƙe a ciki sun zama kamar dussa. Gwaggo tana tacewa da mataci, hankali kwance.

Na ce, "Gwaggo, mi kinka yi haka?"

Ta ce, "Magani na, ɗana. Babanka ya kusa tafiya, kai ko ka aje rubutu cikin akwati awa hatsin bara. Na jiƙa mai shi sha."

"Aikin shekara guda na fa!"

"To mi aka da aikin da ba shi tad da marar lafiya? Ga wasu nan na rage ma, waɗanda ba ka ida rubutawa ba."

Ta miƙo min 'yan takardu masu da'ira fayau, babu ɗigo ko ɗaya. Na ranakun da rana ta fito ba tabo ne. Su ta bari, don a ganinta babu magani a ciki.

Ba a ɗaga wa gwaggo murya.  Na fita bayan rumbu na shuri turmi, na yi sati ina ɗingishi.

Na kai kuka wurin hedimasta, ina tsammanin mai ilimi zai gane. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Malam, ɗigo na fa. Zamna ka ɗiɗɗiga abinka. Wa za shi gane can Kudu?" Wannan ta fi ta gwaggo ƙona min rai, domin ita rashin sani ne, shi kuwa ya sani. Kuma ba zan ɓoye ba, na zauna na gwada. Na ɗiga takarda uku daga kaina, na dube su, kunya ta kama ni, na yayyaga. Ranar jiya ba ta sake fitowa don wani ya zana ta.

Na rubuta wa malamin jami'a gaskiya. Amsarsa layi biyu ce: ya yi min jaje, in sake farawa. Gurbin wannan shekara wani ya samu.

Abin da ya ƙarasa ni, Baba ya warke. Kwana huɗu ya miƙe ya tafi gona. Gari ya yi ta zuwa yi min barka, ana shafa kaina, ana cewa yaron nan Allah ya ba shi. Ni da aka yi wa ɓarna, ni ne kuma mai amsa godiya.

Da na koma bayan rumbu don in fara daga farko, gwaggo ta zo da kurtu cike da tawada, ta dama da kanta. Na nuna mata fensir.

Ta ce, "Wanga ai ba shi wankuwa."

Na ce, "Shi as sa."

Ta ɗauki kurtunta ta koma ciki. Na cika shekarar, na tafi jami'a, ba mu sake tayar da maganar ba.

Bayan shekaru, ina koyarwa a jami'a, aka aiko cewa Gwaggo tana kwance, kuma tana roƙon takarda ɗaya daga cikin nawa. Akwai tawada a teburina. Minti biyar ya ishe ni. Amma tsohon fushin ya taso, na ce ni ba boka ba ne, na zaro ta fensir na bayar.

Wadda ta yi jinyarta ta gaya min daga baya. Ta ce an jiƙa takardar, ruwan ya fito fari tas. Gwaggo ta leƙa ƙwaryar ta ce, "Har yanzu ɗana bai huce ba." Sannan ta yi bisimilla ta shanye.