Ranar da Hansai ta tsallaka ni

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare. Ina kwance a kan dardumar falonmu a Nassarawa, an lulluɓe ni da bargo biyu, haƙorana sai kaɗawa suke yi. Gwaggo, yayar babana da ta zo dubiya daga Gama, tana tsaye a kaina ta riƙe ƙugu. A bakin ƙofa kuwa Hansai ce, matar Malam Sale mai kula da lambun gidanmu, ta cire takalmi, kanta a ƙasa. Gwaggo ta ce mata, "In ba ki da hannu a ciki, tsallaka ta sau uku."

Gidanmu an yi wa sauro shiri kamar ana jiran ɓarawo. Tagogi duk da waya, kowane gado da gidan sauro, kullum da yamma a fesa magani har mu yi ta tari, kuma da an kira magariba ba yaron da zai sake leƙa waje. Duk da haka damina ba ta wucewa sai ta kayar da ni. Talatu, 'yar Hansai, sa'ata ce. Tare muke share ganyen da iska ta zubar, mu yi 'yar carafke a gindin gwaiba, mu tsinke ɗanyu mu ci da gishiri. A ɗakin baya take kwana, kusa da kwata da ayaba, inda sauro ke tashi kamar hayaƙi, amma ko ciwon kai ban taɓa jin ta yi ba. Cikinta dai ya ɗan turo ta gefen hagu, ina tsokanarta da "mai tulu".

Gwaggo ba ta yarda da lafiyar da ba ta san dalilinta ba. Tana yawan cewa, "Gida ɗaya, sauro ɗaya, amma 'yar masu gida kaɗai ke kwanciya?" Sai ga shi a cikin zafin ciwo na yi ta kiran sunan Hansai. Ni kunun tsamiyarta nake so, da sanyin hannunta a goshina. A wurin Gwaggo kuwa magana ta ƙare: yaro ba ya ambaton mutum a cikin zazzaɓi sai wanda ya kama masa kurwa. Baba ya yi tafiya. Mama ba ta hana ba, kuma har yau hakan yana ba ni haushi.

Hansai ta tsallaka. Bakin zaninta ya shafi fuskata, na ji ƙamshin hayaƙi da daddawa. Da la'asar aka kai ni asibiti, aka ɗebi jini, aka ce maleriya ce, aka fara allura. Kwana uku na nemi tuwo. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Kun gani ko?" Ba wanda ya tuna da allurar, har ni. Da Talatu ta kawo mini gwaiba ta taga, sai na ƙi karɓa, ina kallon hannunta. Kafin damina ta fita sun ɗaure kayansu sun koma ƙauyensu a Jigawa.

Sai da na girma, ɗana ya kwanta da irin ciwon, wata likita ta warware mini. Ta ce jikin da cutar ta yi ta bugu tun yana jariri yakan koyi gane ta, har mutum ya riƙa yawo da ita a jini bai kwanta ba, saifarsa ma takan kumbura saboda aikin tace jinin. Wanda aka killace kuwa garkuwar jikinsa ba ta saba ba. Amma ta ce ba kowane yaro ke rayuwa har jikinsa ya koya ba. Da na faɗa wa Mama, sai ta ce Hansai ta binne biyu kafin Talatu, duka da zazzaɓi.

Yanzu ɗakin bayan janareta ne a ciki, an sare gwaibar, gwajin jini kuma minti kaɗan ne a kemis. Na tambayi duk wanda zan iya, ba wanda ya riƙe sunan ƙauyen. Don ina son Hansai na kira sunanta, kuma da kiran nan aka kore ta.