Velaphi Ba Ya Shiga Mota

Duk wanda ya taɓa jiran mota da safe a tashar Imbali ya san MaCele, in bai san sunanta ba ya san fankenta. Gajera ce kakkaura, mai faɗa kamar aiko ta aka yi. Tana budurwa ta auri Velaphi Shezi, wani siriri kamar kara mai aiki a gidan kiwon kaji a Camperdown. Abin da ba a gaya mata ba kafin aure shi ne mutumin a guje yake zuwa aiki, a guje yake dawowa. Ta yi faɗa har ta yi yaji, ta dawo ta tarar ya fita gudu. Daga nan ta haƙura.

Abin da ya ci ransa shi ne babban tseren nan na lokacin sanyi, wanda ke bin tsohon titi tsakanin garinsu Maritzburg da Durban ta bakin teku, wuni guda cur ana gudu. Wata shekara a gangara bakin teku, mai bi mata a hauro. Kada ma a ɗauka gwani ne. Na gaba sun gama, sun yi wanka, sun ci sun ƙoshi, shi yana can yana kokawa da tudu. Kullum sai ana shirin harba bindigar rufe ƙofa yake shigowa, yana jan ƙafa yana washe baki. Sau tara ya gama. Wanda ya cika goma, lambar da ke ƙirjinsa ta zama tasa har abada, kuma ita kaɗai Velaphi yake nema a duniya.

Akwai motar da ke bin baya tana kwashe waɗanda suka gaza. Ita ce abokiyar gabarsa. "A kan titin nan," in ji shi, "ba a ƙera motar da za ta ɗauke ni ba."

MaCele kuwa aikinta dankali. Ta dafa, ta barbaɗe shi da gishiri, ta cika kwalba da baƙin shayi mai sukari, ta yi ta tsallake cunkoso tana tare shi a gaba. Ba ta iya lallashi ba, don haka da masifa take ƙarfafa shi. "Baban Thobeka, tsofaffi ma sun wuce ka! Karɓi ka ɓace min da gani!" Ya cafki dankali ya yi gaba yana dariya.

Bara ne na goma, shekarar gangara. A gangaren Fields Hill, sama da Pinetown, ya zauna gefen titi kamar zai ɗaure igiyar takalmi, bai tashi ba. Tana can ƙasa da robar dankali tana leƙen hanya, har ta tanadi zagin da za ta yi masa. Likita ya ce zuciya ce.

Wanda ya mutu a waje ba a barin kurwarsa a can. Bayan an binne shi, yayansa Mgcineni ya yanko reshen magaryar kura, ya je inda ya faɗi, ya kira shi da sunan gidansu, ya ɗauko shi a reshen har gida. Bai tanka wa kowa a hanya ba, bai waiwaya ba. Kowa ya yaba, aka ce an yi komai yadda ya kamata.

MaCele ce kaɗai ta san bai zo ba. Shekara ta kusa zagayowa tana cikin baƙaƙen kayan takaba, ko sau ɗaya bai zo mata a cikin gidan ba. Duk mafarkin da za ta yi, yana nan zaune a gefen titi yana ɗaure takalmi. Abin yana cin ta, ba ta da wanda za ta gaya wa.

Da sanyi ya shigo, gari ya fara motsi. Rediyo ba ta da zance sai wa zai ci bana, na Lesotho ko na Zimbabwe ko namu. Direbobi na musu har da nuna wa juna yatsa. Da sassafe 'yan gudu kan wuce ta gaban teburinta garke guda, ita kuwa ta sunkuyar da kai kan kasko har ƙarar ƙafafunsu ta ɓace. Ranar da ta kasa daurewa, ta rufe kasko ta nufi gidan Mgcineni.

"Yaya, ƙanenka bai dawo ba."

"MaCele, kar ki fara. Ni da kaina na je."

"A me ka ɗauko shi?"

"A me kuwa? A mota mana! Kujerar taga ma na kama masa."

"To."

Sai a lokacin tsohon ya gane. Ya dafe kai. "Kai, yaron nan," ya ce. "Da taurin kai ya zo, da shi ya tafi."

"Kuma bara teku ya nufa, kai ka ce masa ya juyo baya. Yaushe ka taɓa ganin ya juya? Bana hawa za a yi, Yaya. Bana tseren gida ya nufo."

"Ni da gwiwar nan? Ban ɗaki ma da sanda nake zuwa. Zan yanko reshe, zan kira shi. Ƙafa kam sai ki nemo."

Ƙafa ɗaya ta sani, Qiniso Hlongwa mai facin taya. Velaphi ne ya fara jan shi gudu, ga shi yanzu shi ne abin alfaharin kulob ɗinsu, kowa na cewa bana zai kawo lambar azurfa, wadda sai masu saurin gaske. Bakinsa kuwa ba ya rufuwa, ko a tudu surutu yake. Ta same shi a rumfarsa ta faɗa masa.

"Haba Mama, wannan ai ba komai! Reshe nawa yake? In maƙala shi a riga in tashi sama da shi."

"Ba zai iya saurinka ba."

Qiniso ya ajiye guduma.

"Da saurinsa za ka tafi," in ji ta. "Ba magana da kowa sai shi. Ba waiwaye."

"Mama, bana ce shekarata. Kin san yadda na wahala. Har duwatsun Underberg na je atisaye na sha sanyi. Ƙafa ba ta jiran mutum, baɗi ban san yadda zan tashi ba."

Ba ta roƙe shi ba, ba ta iya ba. "Ni dai ranar tsere ina inda ya zauna," ta ce, ta juya. Daga ranar bai sake zuwa sayen fanke ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ko a ranta ba ta zage shi ba, don ta ga yadda titin nan yake kama zuciyar namiji.

Ranar tsere ta tsinci kanta tana barbaɗa wa dankali gishiri, hannunta ne ya yi ba da shawararta ba. Ta zauna a kujerar baya ta motar haya, inda mai takaba ke zama, ita da Mgcineni da reshe a cikin jaka. Suka tsaya a gefen tudun, daidai wurin.

Na gaba suka zo da babura da jirgi mai saukar ungulu a kansu, suka wuce kamar iska. Sai masu neman azurfa. Ta zuba ido tana neman rigar kulob, ruwan ɗorawa. Ta ga biyu a tsakiyar taro, ba ta tantance fuska ba.

"Qiniso ya wuce," in ji Mgcineni. "Mu tafi, MaCele."

Ba ta motsa ba. Titi ya cika maƙil, ana waƙa ana tafi, sannan ya fara sirancewa. Saura masu furfura, da masu tumbi, da masu tafiya suna riƙe da ƙugu. Can ƙasa ta hango motar kwashe gajiyayyu tana tahowa a hankali.

A cikin waɗannan na ƙarshen ta ga rigar ruwan ɗorawa. Ko gumi bai yi ba.

"Mama, ashe gudun mijin nan naki wuya gare shi," in ji Qiniso. "Tun daga Durban nake taka birki." Ya yi dariya, idonsa ja wur.

Mgcineni ya cire hula, ya durƙusa da ƙyar, ya kwantar da reshen a kan kwalta. "Shezi, ɗan babana, ni ne. Na yi kuskure na sa ka a mota. Yau ƙafa na kawo maka. Tashi, gida za mu."

MaCele ta soke reshen da fil a ƙirjin Qiniso, gefen lambarsa. Daga nan bakin da ba ya rufuwa ya rufe. Ta miƙa masa roba, ya ɗauki dankali biyu. Shekara guda tana tanadin magana mai taushi da za ta faɗa a wannan wurin, amma da ta buɗe baki, abin da ya fito daban.

"Baban Thobeka, tsofaffi ma sun wuce ka. Karɓi ka ɓace min da..."

Qiniso ya sunkuyar da kai wajen reshen. "Tudu ne a gabanmu, Yaya," ya ce a hankali. "Mu bi shi sannu." Ya kama hawa, bai waiwaya ba.

Ta bi rigar da ido har kwana ta ɓoye ta. Sannan ta share fuska da gefen baƙin mayafinta, ta kama hannun tsohon ta ɗaga shi.

"Yaya, mu nemi mota mu riga shi gida. Kar ya iso ya tarar ban ɗora masa ruwan wanka ba."