Awa Bakwai da Ban Lissafa Ba

Ƙanena yana Guwanzu, a ƙasar Sin, wajen sarin kayan salula, lokacin da aka kwantar da Inna a asibitin Dogon Dutsi. Ciwon ya riga ya ci jikinta. Allura guda ce ke ba ta sauƙi, ita ma da an yi mata sai barci mai nauyi ya ɗauke ta, ta yini ba ta san wanda ke kanta ba.

Ya turo mini hoton takardar jirginsa. Akwai lokacin tashi, akwai lokacin sauka a Yamai. A aji shida na bar lakwal, amma na iya ɗebewa. Na ɗebe wannan daga wancan a bayan takardar magani, na sami awa goma sha biyu da rabi. Da ya kira bayan la'asar ya ce ga shi zai shiga jirgi, sai na fara ƙirga daga nan, na ƙara awa biyar na mota. Na ce wa Inna gobe da hantsi autanta na nan.

Da safe majo, babban mai jinya na ɗakin, ya zo da allurar. Inna ta janye hannunta. Ya lallashe ta, ta ce ta haifi bakwai ba allura, hantsi ba zai gagare ta ba.

"Ba zai taso daga bangon duniya ya tarar da ni ina minshari ba," in ji ta.

Hantsi ya yi, ya wuce. Wayar ƙanena a rufe. Inna ta riƙe ƙarfen gado, gumi ya jiƙa kallabinta, ba ta yi nishi ba. Da aka kira azahar ta tambaye ni ko masallacin nan ne na samari masu saurin kira. Na ce shi ne.

Na kai wa majo hoton. Ya duba, ya ce kowane gari agogonsa yake rubutawa, na Sin kuwa yana gaban namu da awa bakwai. Tafiyar ta kusa awa ashirin. Yanzu ne ma jirgin ke sauka, sai magariba zai iso.

Na koma na faɗa mata. Ta tambaye ni wa ya yi lissafin farko.

"Ni ce, Inna."

"To."

Ta jure har la'asar. Daga nan ta miƙa hannun da kanta, ba ta dubi kowa ba.

Ƙanena ya iso bayan magariba da jakarsa a kafaɗa, ya zauna ya riƙe ƙafarta. Ya yi ta ba ta labarin hanya, da abincin da suka ba shi cikin jirgi. Ba ta farka ba. Washegari da safe ta cika.

Shi dai abin da ya sani, ya tarar da ita tana barci cikin sauƙi, kuma yakan gode wa Allah a kan haka. Har yau ban gaya masa yadda ta yini ba.